Makonni takwas ina koyon karanta Larabcin Yahudawa

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, kada gwiwata ta yi sanyi a tsakiyar hanya. Aikin kuwa shi ne koyon karanta Larabcin Yahudawa, wato Larabcin da Yahudawan Masar da Iraƙi da Andalus da Magrib da Yaman suka shafe sama da shekara 1,000 suna rubutawa da baƙaƙen Ibrananci.

Mafarin abin wani hoto ne da wani Bamisre ya turo mini. Ɗalibi ne a Alƙahira, ƙanina da ke karatu a can ya haɗa mu. Shafin littafi ne, baƙaƙensa masu kusurwa kamar an jera tubali, ban gane ko ɗaya ba. Sai ya biyo da saƙon murya yana karanta layin farko: "Awwalu ma khalaƙallahus samawati wal ard." Na saurara har sau uku. Larabci ne tsantsa, wanda ɗalibina na aji uku a Islamiyya zai fassara ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Ya ce ayar farko ce ta Attaura a fassarar wani babban malaminsu na ƙarni na 10. Tun daga wannan dare abin ya tsaya mini a rai.

Mun yi yarjejeniya irin ta ban gishiri in ba ka manda. Shi yana son ajamin Hausa, ni ina son wannan. Duk daren Asabar awa ɗaya ta waya, rabi nawa rabi nasa. Burina kafin azumi in karanta wasiƙar falke ɗaya ta rubutun hannu.

Kashe kuɗi: littafin rubutu biyu naira 1,200, jan biro naira 200, data naira 5,000.

Litinin, 6 ga Janairu

Na koma babbaƙu. Na ɗauko tsohon allon ɗana, na wanke, na dama tawada. Hannuna ya fi riƙe abu idan da alƙalamin kara na rubuta shi.

Baƙaƙen 22 ne, daga dama zuwa hagu ake rubuta su kamar namu, amma ba sa haɗuwa da juna, kowane yana tsaye da ƙafarsa. Biyar daga ciki suna sauya kama a ƙarshen kalma: kaf, mem, nun, pe da tsadi. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne jerinsu. Alef, bet, gimel, dalet, he, waw, zayin: ashe abajada ce da hawwaza da muka rera muna yara. Da na gane haka, kafin azahar na haddace sunayen duka.

Alhamis, 9 ga Janairu

Dalet da resh suna ba ni wahala. Bambancinsu ɗan dunduniya ne a kusurwar dalet, resh kuwa kafaɗarsa a lanƙwashe take. Haka bet da kaf, haka he da het. Na cika allo sau huɗu.

Asabar, 11 ga Janairu

Darasi na farko. Tambayar da na fara yi masa: Larabci baƙi 28 gare shi, su kuwa 22, ina suka kai sauran shidan? Ya ce ɗigo suka yi amfani da shi. A ɗiga wa kaf ya zama kha, a ɗiga wa dalet ya zama zal, taw ya zama sa mai ɗigo uku, tsadi ya zama lodi, tet ya zama zadi. Gimel kuma shi ke ɗaukar jim da angai duka biyu, ɗigo ne ke raba su.

Na ce masa ai wannan dabarar kakanninmu ce. Da suka rasa baƙin da zai ɗauki "ts" a Larabci, sai suka ɗora wa ɗa mai hannu ɗigo uku. Suka ba "c" baƙin sa, suka ba "ƙ" ƙaf. Dalilin ma ɗaya ne. Yaron Bayahude a Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, baƙaƙen Ibrananci ake fara koya masa domin ya karanta Attaura, a gida da kasuwa kuwa Larabci yake yi. In ya girma zai rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa, da wane rubutu zai yi in ba wanda hannunsa ya saba da shi tun yana ƙarami ba? Yaron Bahaushe ma da baƙaƙen Alƙur'ani ya buɗe ido, da su ya rubuta Hausarsa. Abin da nake koyo ajami ne, sai dai a nan Larabcin ne aka sanya wa rigar wani.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na je gaida Malam bayan la'asar. Labari ya riga ni isa. Bayan mun gaisa ya ce, "Na ji an ce ka koma rubutun Yahudu a allo."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, haka ne."

Ya yi shiru yana jan carbi, har na fara tsarguwa. Can ya ce, "Zaidu ɗan Sabitu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya umarce shi ya koyi rubutunsu, bai kai rabin wata ba ya iya. Yana cikin Abu Dawuda da Tirmizi. Kai kwana nawa ka yi?"

Na ce takwas. Ya ce, "To saura bakwai. Amma kada ya ci maka lokacin ɗalibanka, kuma kada ya ci maka muraja'a." Na yi masa alkawari. Na fito zauren da nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Laraba, 15 ga Janairu

Asara ta farko. Malamina na Alƙahira ya turo mini shafi 40 na fassarar Attaura da aka buga da na'ura, da ɗigogginta cif. Karatu a waya yana gajiyar da idona, sai na kai wani shago a buga mini, naira 100 kowane shafi. Yaron shagon ya buɗe a kwamfutarsu, ya danna, na biya naira 4,000, na naɗe takardu na taho ban duba ba saboda ana kiran magariba.

Bayan isha na zauna da fitila, na kasa karanta ko kalma ɗaya. Na ɗauka kaina ne ya toshe. Na fi minti ashirin ina kokawa da layin farko, wanda na riga na haddace. Sai da na ɗora takardar kusa da wayar na ga abin da ya faru: kwamfutarsu ta juya kalmomin, kowane layi ya fara daga hagu, ɗigon da ke kan baƙaƙe kuma ko ya ɓace ko ya koma wani ɗan akwati fari a gefe. Shafi 40, babu mai amfani ko ɗaya.

Laifina ne da ban duba ba. Gobe zan mayar da shafukan hotuna tukuna, in sa a buga guda ɗaya in gani kafin sauran. Takardun da suka lalace kuwa ba zan zubar ba, akwai sunan Allah a kusan kowane layi. Na sa su a gafaka.

Asabar, 18 ga Janairu

An sake bugawa, wata naira 4,000, wannan karon lafiya lau. Na karanta babin farko na Attaura gaba ɗaya, a hankali kamar mai tattashiya.

Mai fassarar sunansa Sa'idu bin Yusuf Alfayyumi, Yahudawa suna ce masa Sa'adiya Ga'on. An haife shi a Fayyum ta Masar a 882, aka naɗa shi shugaban makarantar Sura ta Iraƙi a 928, ya rasu a 942. Fassarar tasa Tafsir ake kiranta. Abin da ya kama ni shi ne kalmomin da ya zaɓa. Sunan Ubangiji "Allah" yake rubutawa kai tsaye. Malamina ya nuna mini gaba inda ake maganar Annabi Haruna da 'ya'yansa masu hidimar hadaya, Sa'adiya "imam" ya kira su. A ganina ba don ya burge Musulmi ya yi haka ba, tunda akasari da baƙaƙen da Musulmi ba sa karantawa ake kwafe littafin. Harshen da jama'arsa ke tunani da shi ke nan. Yahudawan Yaman sun riƙe wannan fassara har zamaninmu, suna haɗa ta da nassin Ibrananci da fassarar Aramiyanci a littafi ɗaya da suke kira Taj.

Kuma Tafsir ɗin ne ya daidaita musu ƙa'idar rubutu. Kafin shi kowa yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Bayan shi sai aka koma bin rubutun Larabci baƙi da baƙi, har lam ɗin "al" da ba a furtawa a irin "asshamsu" sai an rubuta ta. Wannan ne ya sa mai Larabci irina yake samun shiga da sauƙi.

Talata, 21 ga Janairu

Hazo da mura. Babi na biyu kawai na maimaita.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau na ga iyakata. Na ce wa malamina na shirya ganin rubutun hannu, sai ya turo mini hoton wata wasiƙa daga Ganiza.

Bari in rubuta abin da Ganiza take nufi, don ita ce zuciyar wannan karatu. A al'adarsu takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a yar da ita, ana ajiye ta a wani ɗaki har a binne. Majami'ar Ben Ezra da ke Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, tana da irin wannan ɗaki, mutane suka yi ta jefa takardu ciki ƙarni bayan ƙarni, ba a kwashe ba, busasshiyar iskar Masar kuma ta hana su ruɓewa. Ba littattafan addini kaɗai ba: wasiƙun fatake, takardun aure da na saki, lissafin bashi, takardar magani, koken gwauruwa, har takardun da yara suka koyi babbaƙu a kai. A 1896 wasu tagwayen mata 'yan Sikotlan, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka nuna wa wani malami a Kambirij, Solomon Schechter, 'yan guntayen da suka sayo a Masar. Ya tashi ya tafi Alƙahira, a 1897 ya kwaso abin da ya kai guntu 193,000. Duka abin da ya watsu a ɗakunan karatu na duniya ya kai wajen 400,000. Da yake ba ni wannan labari, kakata na tuna. In ta ga 'yar takarda mai rubutun Arabiyya a ƙasa sai ta tsuguna ta ɗauka, ta karkaɗe, ta soke ta a jikin azara.

To, na buɗe hoton. Wallahi kamar ban taɓa ganin baƙaƙen nan ba. Babu kusurwa, babu tubali. Alƙalamin falke gudu yake yi, baƙaƙen da aka ce ba sa haɗuwa sun rungumi juna, alef ya koma kamar ƙugiya. Da wuri ya ƙare masa sai ya juya takardar ya ci gaba a gefe, layuka a karkace. Akwai wata alama da ta yi ta maimaituwa, na ƙirga ta sau 19, ba ta cikin 22 ɗin da na haddace. Minti talatin ɗina suka ƙare ban fitar da kalma biyar ba. A ƙarshe ya gaya mini alamar nan alef da lamed ne aka narke su wuri ɗaya, wato "al". Kamar lam'alif ɗinmu, sai dai a juye.

Na kwanta raina a jagule. Mako uku, ashe bakin ƙofa kawai na iso.

Alhamis, 30 ga Janairu

Na sauya dabara. Na daina ƙoƙarin karantawa, na koma kwaikwayo. Ina ɗora layi ɗaya a gabana in zana shi a allo yadda mai shi ya ja alƙalaminsa, sau goma, har hannuna ya gane inda ya fara da inda ya ɗaga. Sannan na haddace buɗin wasiƙa, domin kusan duk iri ɗaya ne. Da yawa suna farawa da kalma biyu na Aramiyanci masu ma'anar "da sunanka, Mai rahama", sai "kitabi ya sayyidi wa maulaya, aɗalallahu baƙa'aka". In ka san abin da ke zuwa, sai ka ga baƙaƙen suna fitowa da kansu, daga nan ka san yadda wannan marubuci yake yin ɗa ɗinsa da ƙaf ɗinsa.

Sabuwar matsala: fatake ba su damu da ɗigo ba. Kalma ɗaya, alef lamed dalet yod nun, tana iya zama "addin" addini, ko "addain" bashi, ko "allazina". Yau na fassara wani layi da cewa mutumin yana kuka da addini, alhali bashin da ake binsa yake nufi. Nahawunsu ma ba na Alfiyya ba ne, littafin nahawun da muke karantawa a zaure. Babu i'irabi, "allazi" tana tsayawa wa mace da namiji da jam'i, lodi da zadi suna musanya wuri. Da farko hannuna yana ƙaiƙayin jan biro. Yanzu na gane a nan darajar takardun take, domin ta irin waɗannan wurare ne ake jiyo yadda mutanen Masar da Tunisiya suke magana a ƙarni na 11.

Data ta ƙare, hotunan suna da nauyi. Naira 5,000.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Darasin kwanan wata. Da baƙaƙe suke rubuta lamba, na ce wannan kam gida ne, mun yi hisabi. Ya ba ni gwaji: alef, shin, samek. Na ce alef 1, shin 1,000, samek kuwa sin ne, 300, jimla 1,301. Ya ce ban samu ko ɗaya ba.

Sai da muka warware muka gano tushen kuskuren. Hisabin da muka gada a nan na Magrib ne, wanda shin ke 1,000, sin 300, sadi 60, shi ne mawaƙan ajami ke yin ramzi da shi, wato rubuta shekara da baƙaƙe, a ƙarshen waƙa. Na Ibrananci kuwa da na Gabas ya dace: samek 60, tsadi 90, shin 300. Alef a farkon shekara kuma 1,000 yake nufi. Amsar ita ce 1360. Kuma ba Hijira ba ce, ba Miladiyya ba. Takardun shari'arsu na Masar da yawa da lissafin Salukiyawa suke aiki, wanda ya fara shekara 312 kafin Miladiyya. Sai ka cire 311, ko 312 in a watannin farkon shekararsu ne. Wato 1360 ta faɗa 1048 zuwa 1049. Na rubuta jadawalin biyu gefe da gefe na manna a bangon littafina.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na huta da rubutun hannu, na karanta gabatarwar littafin Alhidaya ila Fara'idil Ƙulub na wani malaminsu, Bahya bin Faƙuda, wanda ya rubuta a Saraƙusɗa ta Andalus wajen 1080. Ya raba farillai biyu, na gaɓɓai da na zukata. Babobinsa goma, cikinsu akwai tauhidi, tawakkali, ikhlasi, tawali'u, tuba, muhasaba, zuhudu da mahabba. Duk wanda ya zauna gaban malamin tasawwufi a zaure ya san wannan jeri. Hujjojinsa daga Attaura da maganganun malamansu yake kawowa, amma kayan aikin duk na gidan da muka sani ne.

Wani abin lura: mutanen nan falsafa da fiƙihu da likitanci da nahawu da Larabci suke rubutawa, har nahawun Ibranancin kansa, waƙa kuwa da Ibrananci, amma a kan ma'aunan aruli na Larabawa. Yahuda Halevi ya rubuta littafinsa na kare addininsu, Alkhazari, da Larabci wajen 1140, waƙoƙinsa kuma da Ibrananci.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

A majalisa wani aminina ya ga takardun a hannuna, ya ɓata rai. Ya ce, "Malam, da abin da ake yi wa mutanen Gaza, kai kuma rubutunsu ka sa a gaba?" Na ce masa abin da ke ci masa rai ni ma yana ci mini, kuma ina yi musu addu'a a kowace salla. Amma mutumin da nake karanta wasiƙarsa ya rasu shekara 900 da suka wuce, a ƙarƙashin sarautar Musulmi ya rayu, da Musulmi yake haɗa jari, yana rubuta "in sha Allahu" a wasiƙarsa. Ban ga abin da rashin karanta shi zai ƙara wa kowa ba. Bai gamsu ba, amma mun rabu lafiya.

Maganar ta bi ni gida, ta kai ni wani wuri da ban so zuwa ba. Mu a Kano muna alfahari da Shehu Muhammadu bin Abdulkarim Almagili, wanda ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasiha kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Kafin ya iso nan, a Tuwat yake, cikin saharar Aljeriya ta yau, inda Yahudawa masu Larabci suka daɗe suna fatauci a hanyar ayarin da ke haɗa Magrib da ƙasashenmu. Shi ya jagoranci rushe majami'arsu ta Tamanɗiɗ wajen 1492, al'ummar ta watse. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al'asnuni, ya saɓa masa, aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis tambaya, wasu suka goyi bayan wannan wasu wancan. Wani malamin fiƙihu, Alwansharisi, ya tattara fatawoyin a littafinsa Almi'iyar. A karatunmu na zaure rabin farko na labarin Shehu ba a cika faɗarsa ba. Ni dai a wannan mas'ala zuciyata tana tare da alƙalin, kuma hakan bai rage girman abin da Shehu ya bar wa Kano ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, a ɗaya bakin hanyar da kayan Kano ke bi, akwai masu rubuta lissafinsu da baƙaƙen da ke kan allona.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Yau kunne na ba aiki. Malamina ya turo muryar wata tsohuwa haifaffiyar Bagadaza tana ba da labarin gidansu. Inda Musulmin Bagadaza zai ce "gilit", wato "na ce", ita "ƙeltu" take cewa, da ƙaf ɗinta garau. Wani masanin harshe, Haim Blanc, ya yi littafi a 1964 kan yadda Musulmi da Kirista da Yahudawan birnin kowa ke da karinsa. Na Yahudawan ya riƙe tsohuwar maganar birnin. Jefi-jefi kalmar Ibrananci takan faɗo mata, musamman sunan idi ko addu'a, kamar yadda Larabci ke faɗowa a Hausarmu.

Masu wannan magana ƙarewa suke yi. Bayan kafa Isra'ila a 1948 da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, zama ya gagara. Kimanin 120,000 suka bar Iraƙi tsakanin 1950 da 1951. Maroko da ke da wajen 250,000 yanzu 'yan dubbai ƙalilan suka rage. 'Ya'yansu suka tashi da Ibrananci ko Faransanci, da yawa ma suna jin kunyar harshen iyayensu. Tsibirin Jarba na Tunisiya yana cikin 'yan wuraren da yara ke tasowa da shi har yanzu. Tsohuwar tana cikin magana ta tsaya neman wata kalma, ta kira sunan 'yar'uwarta da ta rasu, ta ce ita ce mai tunawa. Na kashe wayar na jima zaune.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Mun zaɓi wasiƙar da zan gwada: ta Dawuda, ƙanin babban malaminsu Musa bin Maimun. An buga mini hotonta gaba da baya a babbar takarda, naira 2,500. Ba wuta kwana uku, cajin waya a shago ya ci naira 1,600 a makon nan.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Layi shida cikin kwana huɗu. Takardar ta yage a wurare, tawada ta koɗe. Ƙarin data naira 3,000.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi, mun kai ƙarshenta. Kusan rabi ni na fitar da kaina, sauran sai da ya buɗe mini kwafin da masana suka buga.

Musa bin Maimun shi ne babban malaminsu na wancan zamani. An haife shi a Ƙurɗuba, ya zauna a Fas, ya ƙare a Fusɗaɗ inda ya rasu a 1204. Shi ya rubuta Dalalatul Ha'irina da wannan Larabci, har sai da aka fassara shi zuwa Ibrananci saboda Yahudawan kudancin Faransa da ba sa jin Larabci. Ƙaninsa Dawuda falke ne, shi ke juya dukiyar gidan domin wan ya samu sukunin karatu. Irin wannan tsari mun san shi a gidajen malamai.

Wajen 1170 Dawuda ya rubuto daga Aizab, tashar jirgin ruwa a gaɓar Bahar Maliya. Yana ba wansa labarin yadda ya ratsa hamada daga Ƙus, da irin wuyar da ya sha, yana amsa cewa ganganci ya yi. Ya iso ya tarar babu hajar kirki a kasuwa sai baba. Da na fitar da kalmar "nil" da kaina, na gane shunin nan ne da ake rini da shi a Ƙofar Mata, sai da na miƙe tsaye. Saboda rashin haja ya yanke shawarar shiga jirgi zuwa Indiya. Yana roƙon wan kada ya damu, ya kuma kwantar wa mutanen gida da hankali.

Jirginsa ya nutse a tekun Indiya, da shi da dukiyar. Ya bar mata da 'yar ƙaramar yarinya a hannun wansa. Musa ya rubuta daga baya cewa kusan shekara guda ya yi a kwance saboda baƙin ciki. Bayan haka ne ya riƙi likitanci sana'a, har ya zama likitan Alƙali Alfadil, wazirin Salahuddini.

Na san ƙarshen labarin tun kafin in fara, amma bin sawun alƙalamin yaron baƙi bayan baƙi, yana cewa kada a damu, wani abu ne daban. Uwargida ta shigo da shayi ta tarar ina share ido. Ta ce, "Malam, lafiya?" Na karanta mata da Hausa. Ta ce, "Allah sarki, ita yarinyar wa ya riƙe ta?" Na ce wan uban. Ta ce to da sauƙi.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Jimlar abin da na kashe: naira 26,500, rabinta kusan duk data ce, 4,000 kuma asara.

Inda nake: bugun na'ura ina karanta shi ba tsayawa, shafi ɗaya cikin minti shida zuwa bakwai. Rubutun hannun marubutan kotu ina fitar da mafi yawansa. Na fatake rabi. Rubutun Magrib na baya-bayan nan, wanda ya koma bin lafazi, ban taɓa shi ba tukuna, haka sharh, fassarar nan ta kalma da kalma da ake koya wa yara.

Azumi saura kwana biyu ko uku, na dakatar da darasin Asabar sai bayan salla. Da mun dawo: wasiƙu biyar na Nahrai bin Nissim, falken Ƙairawan da ya zauna a Fusɗaɗ a ƙarni na 11, domin in saba da hannun mutanen da'ira ɗaya, sannan muƙaddimar Dalala, shafi biyu a mako. Zan buƙaci wajen naira 10,000 na bugu da data.

Malamina kuma ya kai farfaru a ajami, yana neman rubutun hannu na gaske. Akwai adakar kakana a ɗakin Inna, cike da wasiƙun da abokan fataucinsa na Gwanja suka aiko masa, rabon da a buɗe ta tun rasuwar Baba. Na roƙe ta makullin, ta ce in zo ranar Juma'a bayan masallaci, in taho da tsumma saboda ƙura.